Neman gidan haya a Kano idan kana da kare: unguwa, layi, katanga da maƙwabta

Dillalin da ya kai ni gidan haya na biyu da na zauna a Kano, da na ce masa ina da kare, ko ɗaga kai bai yi daga wayarsa ba. "Ba matsala, Yallaɓai, Alhaji ba ruwansa." Na biya kuɗin shekara, na biya la'ada, na kwaso kaya a akori-kura. Kwana tara da tarewa sai ga Alhajin ya zo duba tankin ruwa. Damisa, karen nawa, ya tarbe shi da haushi tun daga lungun bayan gida. Dattijon ya tsaya a bakin get, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, ya ce, "Malam, wannan kuma fa?" Ashe babu wanda ya taɓa faɗa masa. Bai ɗaga murya ba, bai kuma kore ni ba, amma ya ce idan shekarata ta cika in nemi wani wuri, don shi bai gina gidansa don a ajiye kare ba. Na kira dillali a waya, har yau bai ɗauka ba.

Ragowar shekarar na yi ta ne ina neman gida a tsanake, da ƙafa, kuma abin da na koya a lokacin shi zan shimfiɗa maka a nan. Sunan unguwa yana taimaka maka ka rage wahala, amma zaman lafiyarka da karenka a kan layi yake, gida shida na dama da gida shida na hagu. Na ga layi biyu a unguwa ɗaya, tsakaninsu bai fi tafiyar minti uku ba, a ɗaya kusan kowane get akwai hoton kare da gargaɗi, a ɗayan kuwa ko haushi aka ji da dare sai an tattauna shi a masallaci da asuba.

Mataki na farko: san garin da kake ciki, ka kuma san karenka

Yawancin mutanen da za ka yi maƙwabtaka da su a Kano sun taso da sanin cewa kare na mafarauci ne, ko makiyayi, ko mai gona. Sun san hadisin da ya ce wanda ya riƙi kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba ana rage masa lada kullum, sun kuma san wanda ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da kare yake. Idan maƙwabci ya ɗaure fuska da ya ji haushi, kada ka ɗauka ƙiyayya ce, daga nan abin ya taso. A ɗaya gefen kuma, mazhabar Malikiyya da aka fi bi a garin nan ba ta ɗauki jikin kare mai rai a matsayin najasa ba, wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki a ciki bin umarni ne. Malamai da dama sun yi ƙiyasin gadin gida a kan gadin gona da na dabbobi. Ana ma ruwaito cewa Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai Risalar nan da ake karantawa a zaurukan Kano, ya ajiye kare a gidansa lokacin da katangarsa ta faɗi, da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya karhanta hakan sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Ni ba malami ba ne, fatawa tana wurin malaminka. Na kawo wannan ne don ka san cewa kalmar "karen gadi ne, a tsakar gida yake kwana" tana buɗe ƙofofin da "ina sha'awarsa ne kawai" take rufewa. In kuwa naka na cikin ɗaki ne, mai hawa kujera, to ka sani gidajen da za su karɓe ka sun ragu ƙwarai, kuma baƙinka ma za su ragu.

Sannan ka dubi karen da idon gaskiya. Mai yawan haushi ne ko sai ya ga dalili? Ya saba da yara? Yana bin kaji? Karen gida na gargajiya, siriri mai gajeren gashi, yana jure zafin Kano da kaska fiye da manyan karnukan waje masu gashi kamar bargo, waɗanda watan Afrilu kan zame musu azaba. Idan karya ce da ba a yi mata aikin hana haihuwa ba, kusan sau biyu a shekara, na mako biyu zuwa uku, duk karnukan yankin za su yi sansani a bakin get ɗinka. Wannan kaɗai ya isa ya ɓata ka da layi guda.

Mataki na biyu: zana taswirar Kano a ranka, ka soke wasu wurare

Fara da soke cikin ganuwa. Yakasai, Mandawari, Zango, Jakara da makamantansu wuraren zama ne masu daɗi ga ɗan Adam, amma lungu ne da mutum biyu ke gogar kafaɗa, gidaje katanga ɗaya, yara suna shiga gidan kowa ba sallama, awaki suna kwana a ƙofar gida. Babu inda kare zai juya. Haka unguwannin da suka cika suka tumbatsa a wajen ganuwa, irin su Fagge, Kurna, Rijiyar Lemo, Ɗorayi, Sheka, Gama da Tudun Wada, musamman ɓangarorin awon igiya inda aka yanka filaye ƙanana ba a bar wa titi komai ba. Za ka ce ai akwai karnuka a can. Akwai, na samari mafarauta, kuma 'yan unguwa ne, an san iyayensu da kakanninsu. Baƙo ɗan haya da ya sauka da kare a irin wannan wuri, kallon da za a fara yi masa ba mai daɗi ba ne, domin a tunanin dattawa da yawa tara karnuka a lungu da harkar daba tafiyarsu ɗaya.

Mafi sauƙi ta fuskar kare su ne Nassarawa GRA da Bompai. Filaye manya, katanga doguwa, tituna masu darbejiya irin su Lamido Crescent, Sultan Road da Alu Avenue, kuma mutanen wurin sun saba da karen gadi tun zamanin Turawa, ga Kwarori da Indiyawa da suka daɗe a yankin. Matsalar ita ce kuɗi. Mai albashi kan samu shiga ne ta ɗakunan baya, waɗanda ake ce wa bikiyu, kuma a nan tsakar gidan ba taka ba ce, ta mai babban gida ce, da matansa da 'ya'yansa da direbansa. Ka kuma lura GRA ɗin ta canja. Tsofaffin filaye da yawa an sare bishiyoyinsu, an yanka su gida huɗu ko shida an shafe ƙasa da intalok, wasu kuma sun koma makarantu, ofisoshi da gidajen biki. Adireshi mai daɗin faɗa ne, amma ta yiwu karenka ya kwana a kan siminti mai zafi yana jin kiɗan DJ har sha biyun dare.

Inda na fi ba mai matsakaicin ƙarfi shawara ya sa ƙarfinsa shi ne unguwannin da aka yanka da tsari: Hotoro GRA, Badawa Layout, Farm Centre da sassan Tarauni, wasu layukan Zoo Road da Kundila, Sharaɗa, da kuma Janbulo da Rijiyar Zaki ta hanyar Gwarzo. A nan ake samun fulat mai get ɗinsa shi kaɗai a kan fuloti mai ɗan sarari, maƙwabta kuma gauraye ne, ma'aikata, malaman jami'a, 'yan kasuwa, baƙi daga wasu jihohi. Sai dai a nan ne maganar layi ta fi ƙarfi, don gefen tsari da gefen awon igiya sukan haɗa baya.

Sabon Gari da Nomansland ba wanda zai yi maka wa'azi a kan kare, amma wuri ne ya yi ƙaranci. Yawancin gidajen haya a Sabon Gari benaye ne ko gidajen ɗaki-ɗaki masu tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya, ga hayaniyar kasuwa da janareta. Ƙaramin kare mai shiru zai iya, babba kuwa zalunci ne.

Sai bayan gari: Jaba, Panisau, Danbare, Mariri, Panshekara da sababbin unguwannin da ke bayan Naibawa. Haya da sauƙi, fili da yalwa, kuma saboda kangwaye da ɓarayin waya da na famfo, maƙwabta kan yi murna da jin haushin kare da dare. Farashin da za ka biya shi ne hanyar da damina ke cinyewa, nisa da likitan dabbobi, garken shanu da tumaki da ke ratsa layi, da karnukan da ba su da mai su, waɗanda babu wanda ya san ko an taɓa yi musu allura. Rukunin gidaje masu get ɗaya da kwamiti kuwa, kada ka tambayi dillali, tambayi shugaban kwamitin, don wasu sun rubuta hana kare a dokarsu.

Mataki na uku: taka layin da ƙafarka sau uku

Dillali zai kai ka ne da hantsi, wajen ƙarfe sha ɗaya, lokacin da yara suna makaranta, magidanta suna kasuwa, layi ya yi tsit kamar an share. Wannan ba layin da za ka zauna ba ne. Koma kai kaɗai.

Je da asuba, ka yi salla a masallacin layin. Ka ga nisansa da gidan. Idan lasifikar tana kallon tsakar gidanka, ka sani karnuka da yawa sukan ɗaga kai su yi kuka idan sun ji doguwar murya mai ƙarfi, kuma kare mai amsa kiran salla da kuka kullum ba abin da jama'ar masallaci za su daɗe suna haƙuri da shi ba ne. Ka ga kuma ko sahu yana fitowa har ƙofar gidan ranar Juma'a ko da azumi. Da asubar ne kuma za ka ga karnukan da suka kwana a waje suna komawa, ka san yawansu.

Koma bayan la'asar. Wannan ne lokacin gaskiya. Ina yara ke buga ƙwallo? Idan get ɗin gidan ne ragarsu, ƙwallo za ta faɗa ciki sau biyar a yini, kuma wani zai haura katanga ya ɗauko. Akwai Islamiyya ko makarantar allo a layin? Yara ba mugaye ba ne, amma yaro da kare a bayan get, sai tsokana: a buga ƙofa da dutse a ruga, a zura kara ta ƙasa. Kare mai hankali ma in aka yi masa haka wata uku sai ya zama mafaɗaci, ran da ya samu kafa kuwa ba wanda zai tuna tsokanar, cizon za a tuna. Dubi dabbobin layin. Akwai masu sakin awaki da kaji? Akwai mai turken tumaki da yake kiwo don layya? Ɗan akuya ɗaya da karenka ya yaga zai ci maka kuɗi da mutunci. Dubi bola: idan juji yana kusa, nan karnukan yawo ke taruwa, nan kuma ake zubar da mushen ɓera da ya ci shinkafar ɓera, kare ya ci ya mutu.

Ka zauna wurin mai shayi ko mai kanti, ka sayi wani abu, ka yi tambaya kamar ba da wata manufa ba. "Malam, akwai masu karnuka a layin nan kuwa?" Amsar takan zo da labari. A wani layi da na kusa kama gida, mai shayi ya ce, "Da akwai wani, amma an ba shi guba bara." Ya faɗa yana juya shayi, ko a jikinsa. Na shanye, na biya, ban sake komawa ba. A layin da nake yanzu kuwa amsar ita ce, "Gidan likita akwai biyu, gidan da ke kan kwana akwai ɗaya, tunda suka zo ba a sake cire mana mita ba."

Zuwa na uku da dare, bayan sha ɗaya. Saurara. Idan ka ji haushi daga gida biyu ko uku, kuma fitilun maƙwabta a kashe kowa yana barcinsa, layin ya saba. Idan tsit ne gaba ɗaya, karenka ne zai zama muryar farko, kowa kuma zai san daga inda take fitowa. Ka ga ko akwai 'yan sintiri, don za ka buƙaci su san karen, shi ma ya san su. Ka kuma nemi inda za ka riƙa zagayawa da shi. Kano ba ta da filin da aka ware wa karnuka, kuma ban ba ka shawarar shiga da shi wuraren shaƙatawar jama'a ba. Abin da kake nema shi ne titi mai faɗi marar cunkoso da za ka bi bayan asuba ko bayan isha, kare a igiya, ba tare da ka ratsa majalisar dattawa ko masu alwala ba.

In da hali, ka ga layin a watan Agusta, ko ka nemi alamar damina a jikin katangu: layin danshi da ya kai gwiwa yana nufin ruwa yana kwanciya, kuma ɗakin kare ne zai fara cika.

Mataki na huɗu: gidan kansa

Doka ta farko, gida kai kaɗai, get naka kai kaɗai. Gidan haɗaka, ko da fulat biyu ne, wata rana matar maƙwabci za ta shanya kayan salla kare ya shinshina, ko wani ya bar get a buɗe. Zo mu zauna, zo mu saɓa.

Ƙirga layin bulo na katanga. Bulo mai inci tara idan aka jera layi takwas ya kai wajen ƙafa shida, kuma ƙasa da haka babban kare zai iya haurawa, musamman idan akwai tankin ƙasa, tarin yashi ko murfin masai a jikin katangar da zai taka. Zagaya ta baya, don masu gini kan yi gaba doguwa su bar baya gajere. Durƙusa ka dubi ƙasan get: idan tafin hannunka a tsaye ya shige, kan kwikwiyo zai shige, hannun yaro ma zai shige. Dubi ramin da ruwan wanka ke fita, nan Damisa ya taɓa ficewa yana ɗan wata huɗu, na same shi a kwatami ya yi baƙi ƙirin. Wannan ramin kuma ka ga inda yake zubarwa. Idan ruwan wankin ɗakin kare zai bi ta ƙofar maƙwabci ko ta inda mutane ke bi zuwa masallaci, ka sayi rigima da kuɗinka. Gidan da ruwansa ke shiga rami a ciki ya fi.

Sai inuwa, wadda a Kano ita ce rai. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, kare kuma ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa. Je gidan da ƙarfe biyu na rana ka ga inda inuwa take. Ɗora bayan hannunka a kan simintin tsakar gida: idan ba ka iya barinsa daƙiƙa biyar ba, tafin kare ma ba zai iya ba. Bishiya ɗaya, mangwaro ko darbejiya, da ɗan fili na ƙasa da zai tona ya kwanta, sun fi intalok mai kyan gani. Kejin langa-langa a rana tanda ce, na san wanda ya tafi aiki da safe ya dawo ya tarar da gawa. Da hunturu kuma, daga Disamba zuwa Fabrairu, yana son lungun da iska ba ta bugawa da buhu ko katako a ƙasa.

Ruwa. Babban kare mai kilo 30 yana shan kusan lita biyu a rana, da bazara fiye da haka, amma wanke wurinsa kullum ne ke cin ruwa. Tambaya ko akwai rijiyar burtsatse ko rijiya, ko kuwa da 'yan garuwa aka dogara. In da su ne, ka tuna mai garuwa ba zai turo kura cikin gidan da kare ke sake ba, sai ka tsara lokacin ɗaurewa. Haka mai karanta mita, mai kwasar shara da mai gyaran wuta.

Tambaya ta ƙarshe: ɗan hayan da ya tashi daga gidan ya ajiye kare? Idan e, leƙa tsagogin bango da ƙasan taga, nan kaskar kare ke ɓuya ta yi ƙwai, sai an yi feshi sosai kafin ka tare. Idan kuma kwikwiyonsa ya mutu da amai da gudawar jini, ƙwayar wannan cuta tana daɗewa a ƙasa wata da watanni, kada ka kawo ɗan kwikwiyon da bai gama allurarsa ba.

Mataki na biyar: nisan likita, da abin da za ka hau

Akwai asibitin dabbobi na gwamnati a Gwale, akwai kuma likitoci masu zaman kansu, waɗanda wasunsu ke zuwa har gida. Kafin ka biya haya ka samu lambar ɗaya, ka tambaye shi ko yana zuwa unguwar. Dalili shi ne sufuri. Tun da aka hana acaɓa a 2013 adaidaita sahu ce motar mai ƙaramin ƙarfi a Kano, kuma ba kowane direba zai ɗauki kare ba, ko da shata ce. In ba ka da mota, ka nemi mai adaidaita ɗaya a layin ku yi magana tun lafiya lau, ka tanadi takunkumi da tsohon buhu na shimfiɗa. Ranar da kare ya ci guba ba ranar ciniki ba ce.

Allurar haukan kare ba abin wasa ba ce. Ana fara ta daga wata uku, a maimaita duk shekara, a kuma ba ka kati mai kwanan wata da sa hannun likita. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin wannan allura, akwai kuma ta waje. Ko wacce ce, sanyi take so, don haka da irin wutarmu ka tambayi inda aka ajiye ta, ka guji mai yawo da ita a aljihu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kusan duka ta hanyar kare, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a. Saboda haka tsoron maƙwabcinka yana da tushe. Idan tsautsayi ya sa karenka ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi babban asibiti nan take, kai ne da biyan kuɗin, a kuma tsare karen a sa masa ido kwana 10 maimakon a kashe shi a jefar. Katin nan shi ne zai tsaya maka a gaban mai unguwa ko a caji ofis.

Mataki na shida: mai gida da bakinsa, sannan takarda

Kada ka ba da ko kafin alƙalami sai ka ga mai gidan ido da ido, ko aƙalla ka ji muryarsa. Dillali la'adarsa yake nema, "ba matsala" kuma ba ta cin masa komai. Idan gidan gado ne ko na wani da ke zaune a Abuja, ka nemi wanda maganarsa ce ta ƙarshe. Faɗi gaskiya duka, a taƙaice: "Alhaji, ina da karen gadi guda ɗaya, ga hotonsa, ga katin allurarsa. A bayan gida zai zauna, ba ya shiga ɗaki, ba ya fita sai da igiya. Duk abin da ya ɓata ni zan gyara." Idan ya yi jim ya ce, "To, bari mu gani," wannan a'a ce cikin ladabi, kada ka matsa. Idan ya tambaye ka irin karen da abin da yake ci, alama ce mai kyau.

In ya yarda, a rubuta a cikin takardar yarjejeniya, ba a baki ba: adadin kare, izinin gina masa ɗaki da wurin da za a gina, wanda zai rushe shi ya yi fenti da feshi ranar tashi, da cewa ajiye karen ba zai zama dalilin ba ka notis kafin wa'adi ba matuƙar ka cika sharuɗɗan. A sa shaidu biyu. Ɗauki hoton ƙofofi, ragar tagogi da bango ranar da ka karɓi mukulli. Wasu masu gida za su nemi ƙarin kuɗin ajiya saboda ɓarna. Ni ina ganin wannan adalci ne, in dai an rubuta shi a rasit.

Mataki na bakwai: gaisuwa kafin haushi

Kafin karen ya kwana a gidan, kai ka fara zuwa. Gaida mai unguwa, "Ranka ya daɗe, baƙo ne, na kama gidan Alhaji na kusa da transifoma," ka faɗa masa da bakinka cewa kana da karen gadi mai allura. Duk ƙarar da za a kai gabansa za ta fara zuwa, gara ya riga ya ji daga gare ka. Gaida liman. Shiga gidan dama da na hagu da na baya, wanda aka fi mantawa alhali tagar ɗakin barcinsa ce ke kallon ɗakin karen. Ba su lambarka ka ce, "In ya dame ku da dare, ko ƙarfe nawa ne, a kira ni." Uwargida ita ma ta shiga wa matan layin, don su ne ke gida da rana, su ne kuma ke aiken yara.

Makon farko kare zai yi haushi fiye da kima saboda baƙon wuri, don haka ka tare a lokacin da kake gida, ka gajiyar da shi da tafiya kafin dare. Sa ƙaramin allon gargaɗi a get da Hausa, da hoton kare don wanda bai iya boko ba. Sa sakata ta sama da hannun yaro ba ya kaiwa. Almajirin da zai riƙa yi muku aike, ka gabatar da shi ga karen kana riƙe da igiya, ka kuma koya masa ya buga get ya jira. Kashin kare a kwashe kullum a ƙulle a leda. Da Babbar Salla, daga ranar da raguna suka fara kwana a ƙofar gidaje har a gama suya, Damisa ba ya leƙa waje ko da igiya, kuma ranar da na ji tamburan angwaye masu kilisa sun shigo layi da dawakai, bayan gida nake mayar da shi in rufe.

Maƙwabcina na baya, wani dattijo ɗan fansho, wata biyu bai amsa mini gaisuwa da fiye da "lafiya" ba. Ran nan da sassafe ya buga get, na fito gabana yana faɗuwa. Ya ce jiya wajen ƙarfe uku ya ji karen yana wani irin haushi, ya leƙa ta taga ya ga mutum yana sauka daga katangarsa da gudu, an bar masa batirin sola a gindin bango. Ya miƙo mini baƙar leda, ƙasusuwan miyar jiya ne a ciki. Na karɓa na yi godiya, na bari sai da ya shiga gida sannan na tsince na kaza na zubar, don dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soki hanjin kare, na ba Damisa babban na saniya.